Kafin a Kunna Wuta: Jinjina ga Desley Pascoe

Kafin masu aikin safe su gama cika motocin kamfani su nufi mahaƙar kwal, Desley Pascoe ta riga ta buɗe ƙofar baya ta gidan shirya gawa na Lennox, ta ɗora butar shayi, ta kunna 'yar rediyonta a tashar tseren dawaki. Ita ba ta taɓa caca ba. Ta dai ce yawancin baƙinta tsofaffin 'yan rami ne, kuma bai kamata mutum ya rasa jin dokin da ya ci don kawai ya mutu ba. Daga nan sai ta ɗaura rigar leda, ta sa safar hannu, ta tura ƙofar ɗakin sanyi da kafaɗa, ta gai da wanda ta tarar kamar sun haɗu a kanti. "Ka kwana lafiya, tsoho? Tashi mu gyara ka, matarka na zuwa da rana."

Da farce take farawa. Ɗan rami ko ya shekara ashirin da barin aiki, sai ka sami baƙi a gefen farcensa, kuma tana da wani ɗan burushi da ba ta yarda kowa ya taɓa. Sai aski, sai taje kai yadda mutumin ya saba, ba yadda ya fi kyau ba. Abu guda ne ba ta taɓawa. Duk wanda ya yi aikin rami yana da ɗige-ɗigen tabo masu launin shuɗi a goshi ko a bayan hannu, inda dutse ya yanke shi, fata ta warke da ƙurar kwal a ciki. Desley ba ta rufe su da hoda, ta ce da guminsa ya same su. In ta gama, ta rufe akwati, sai ta ƙwanƙwasa murfin sau biyu ta ce, "An tashi aiki, aboki."

Shekara talatin da wani abu ke nan tana haka a nan Dalgarra, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye. In ka tambaye ta dalili sai ta ce gwiwa ce ta ƙi, ga kuma mijinta Ron ya sayi motar kwana, irin mai gado da kicin a ciki, yana ta yi mata mita su zaga ƙasa. Da wanka da shiri ne kawai aikinta, da sai mu haɗa mata kujerar hutu a kulob, mu tafa, kowa ya kama gabansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban iya rubutu ba sai na cike takardar tashi daga aiki, tambaya ce guda da matar nan take yi wa mutane a ranar da ba mai son a tambaye shi komai.

Mu a nan ba ma binne 'yan rami. Je ka maƙabarta ka duba: malaman makaranta ne, da masu kanti, da wani Fada. Ɗan rami ƙona shi ake yi. Kowane ɗayanmu ya taɓa faɗa wa matarsa, galibi a kulob, kofi a hannu, jama'a na ji: "Shekara talatin ina ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya sake mai da ni can, sai na taso na shaƙe shi." A yi dariya, amma magana ta zauna. Mutum ya mutu, Desley ta sa shi a mota ta kai shi birnin Mackay, a ƙona, a dawo da toka a ɗan tulu, a watsa a dam inda yake kamun kifi, ko a filin zari-ruga. Kafin mako ya zagayo an gama. Har alfahari muke yi da saurin.

Abin da ba mu taɓa tsayawa mun auna ba shi ne wannan. Doka ta ce in ciwon aiki ya kashe mutum, matarsa da duk wanda yake ciyarwa suna da diyya. To amma kamfanin inshora ba ya biya a kan "ai kowa ya sani". Sai an nuna masa ƙurar a cikin huhu. Takardar mutuwa kuwa abin da take cewa shi ne zuciya ta tsaya, ko ciwon ƙirji, kuma likita bai yi ƙarya ba, iyakar abin da muka bari ya gani ke nan. Mu ne mutanen da ke haɗiye tari a gaban likita, don wanda ya yi tari a ranar awo yana iya rasa aikinsa. Ga shi an daɗe ana gaya mana baƙin huhu ya tafi da zamanin kakanninmu. Ke nan shaidar tana kwance a ƙirjin mutum, mu kuma da hannunmu muke ɗaukarta mu kai wuta. Toka ba ta magana a gaban lauya.

Shekara goma ke nan ko kusa, da aka fara jin ciwon bai je ko'ina ba, wata lauyar ƙungiyar ƙwadago ta zo kulob ta yi mana bayani. A ciki ta ce ko bayan mutuwa ana iya duba huhu in iyali sun yarda, ƙungiya kuma za ta biya. Desley ba taron ta zo ba, shayi take rabawa. Ron ya ce ranar ta koma gida ta zauna a gaban abinci har ya huce. Da ya matsa mata sai ta ce, "Ron, ni na kai su. Dukansu. Ni na tuƙa." Ta shiga lissafa masa matan da suka sai da kaya suka bar garin bayan mutuwar mazansu, wata ta koma ɗakin baya a gidan suruki, wata tana goge-goge a otel da furfurarta.

Tun daga lokacin ba a ƙara kawo mata ɗan rami da ya mutu da ƙirji ba, sai ta je gidansa da kek a hannu ta yi tambayar: ko za a bari a duba huhunsa. Mai gidan shirya gawar, Mista Lennox, bai so ba.

"Desley, mu ba lauyoyi ba ne," in ji shi. "Mutane na zuwa nan ne don a sauƙaƙa musu."

"To in sauƙaƙa musu yau, baɗi su rasa na haya?"

"Za ki kore mini jama'a."

"Su je ina? Kai kaɗai ne a garin."

Ya yi ta gunaguni, har gobe ma yana yi. Amma a ba shi haƙƙinsa: bai taɓa hana ta mota ba, kuma bai taɓa sa kuɗin man doguwar tafiyar a kan iyalan mamaci ba.

Kada wani ya ɗauka kullum sa'a take yi. Akwai gidan Tierney. Ta lallashi matar, aka ɗage jana'iza, aka kai mutumin babban asibitin birni aka duba, sai aka tarar huhunsa ba wata ƙura ta a zo a gani, zuciyar ce da gaske. Ƙanwarsa da ta taso tun daga Perth ta koma ba ta ga jana'izar ba. Har yau in matar Tierney ta hango Desley a kanti sai ta juya keken sayayyarta ta bi wani layin. Desley ba ta taɓa kare kanta ba. "Tana da gaskiya," take cewa. "Ni na sa aka taɓa mata miji a banza." Wani ne da daga nan ya naɗe tabarmarsa. Ita kuwa da aka kawo na gaba, ta sake gasa kek ta tafi.

Labarin da zan tsaya a kai shi ne na Clarrie Brodie, don matarsa Noelene da kanta ta ce in rubuta, kuma ta ce kada in rage komai.

Na yi aiki da Clarrie a rami. Shi ke tuƙa injin yankan kwal, can gaba inda ƙura ke hana ka ganin hannunka. Bai taɓa sa sigari a baki ba. Noelene kuwa tun tana budurwa take sha, a kicin, a mota, a baranda, kamar yawancin matan zamaninmu. Shekarunsa na ƙarshe da tulun iskar numfashi ya yi su, daga kujera zuwa banɗaki sai ya tsaya ya huta. An yi an yi da shi ya je birni a ɗauki babban hoton ƙirji, ya ƙi. "Me za su gaya mini, ina tari? Ai na sani." Kuɗin sallamarsa duk a jinya suka tafi. Gidan da suke ciki na haya ne, kuma Noelene ta riga ta san in ya mutu sai dai ta tattara ta koma wurin yayarta a Rockhampton.

A kwanciyarsa ta ƙarshe likita ya tambaya ko yana shan taba. Aka ce a'a. Ya ce akwai mai sha a gidan? Tambaya ce ta aiki, ba da wata manufa ya yi ta ba, amma Noelene ta sunkuyar da kai, kuma ɗansu Gavin yana tsaye yana ji. Gavin babbar motar kwal yake tuƙawa a mahaƙar sarari, ya kusa arba'in, kuma ubansa ne komai nasa. Ranar da Clarrie ya cika, a barandar asibiti, a gaban mutane, ya dubi uwarsa ya ce, "Sai ki huta, Mama. Shekara arba'in kina busa masa hayaƙi, yau kin ƙarasa shi." Magana zarar bunu ce. Ni ma ina wurin, da kunnena na ji.

Aka sa ranar ƙonawa Juma'a. Ranar Laraba da hantsi Desley ta tafi gidan da kek ɗin ayaba. Ta tarar da tebur cike da kwanukan abincin maƙwabta, ba a buɗe ko ɗaya ba, Noelene kuma tana tsaye a kan kujera da soso, tana dirzar rufin kicin inda hayaƙi ya mai da shi rawaya.

"Sauko, Noelene, kafin in sami baƙi biyu daga gida ɗaya."

Noelene ta sauko, hannuwa duk kumfa. "Na san abin da ya kawo ki. Duk garin nan an sani, in Des ta zo da kek, akwai wuƙa a bayansa."

"To kin hutar da ni kewaye-kewaye. Ina so ki bari a duba ƙirjinsa."

"Ya ce a ƙona shi."

"Za a ƙona shi. Ba dai Juma'ar nan ba."

"Gavin ba zai yarda ba."

"Ba Gavin ya aura ba. Hannunki ake nema."

Noelene ta zauna. Ta laluba aljihun rigarta inda kwalin sigari ke zama, ta tuna ta zubar, ta mai da hannun kan tebur.

"Ba yankan nake tsoro ba, Des. Rami ya yanke shi ya fi a ƙirga. In suka buɗe suka ce hayaƙina ne fa? Yanzu dai yaro ne ya faɗa cikin zafin rai, ina iya ce wa kaina bai san abin da yake faɗa ba. In likita ya faɗa kuma, ina zan sa kaina? Gara in tafi Rockhampton ban sani ba." Sai ta ɗago. "Ke kika wanke shi. Me kika gani?"

Nan ne wurin da ƙarya ɗaya mai daɗi za ta gama aikin. Desley ba ta yi ta ba.

"Na ga ƙirji ya buɗe kamar ganga, na ga kawunan yatsu sun kumbura. Na taɓa ganin haka a jikin mai shan taba, na gani a jikin wanda bai taɓa sha ba. Ni mai wanka ce, ba likita ba. Kin san abin da ya faru a gidan Tierney. In na ce miki na sani, na yaudare ki."

"To me ya sa zan yarda?"

"Don in aka kunna wutar nan ranar Juma'a, shi ke nan, ba mai iya sauke miki maganar yaron nan har ki mutu, kuma ba za ki taɓa sanin ko kayanki ne kike ɗauke da shi ba. In an duba, ko dai a sauke miki, gidan nan ma ya zauna a hannunki, ko kuma ki san naki ne. In naki ne, kowace Laraba zan zo nan mu ɗauka tare. Iyakar abin da zan iya yi miki alkawari ke nan."

Noelene ta jawo kek ɗin, ta yanka, ba ta ci ba. "Shi kaɗai za a bari a can? Bai son asibiti, kin sani."

"Ni zan kai shi, ni zan zauna a bakin ƙofa, ni zan mai da masa rigarsa. Ba mai ganin ɗinki."

"Kawo abin in sa hannu kafin in canza shawara."

Washegari da safe Desley ta fito da mota ta tarar da Gavin ya tare hanya da tasa, yana tsaye da kayan aiki, idanu jawur.

"Anti Des, wa ya aike ki?"

"Uwarka."

"Ba za a feɗe mini uba kamar rago ba don a ba wata kuɗi! Mun san abin da ya kashe shi."

"Kai ka sani, ni ban sani ba. Gavin, ni na share maka hanci a makarantar Lahadi, kada ka ɗaga mini murya. In kana son hanawa, ga hanyar gidanku can, je ka dubi idon uwarka ka gaya mata. In ba za ka iya ba, matsa mini, tafiyar da nisa."

Ya tsaya yana huci. Can sai ya koma motarsa, ta ɗauka gidan zai nufa. Ashe tsohuwar hular kamun kifin Clarrie ya ɗauko, wadda ƙugiyoyi ke maƙale a gefenta. Ya jefa ta kan kujerar gaba ta taga, ya ja motarsa gefe.

Tafiyar yini ce, a wuce Mackay a ci gaba, tsakanin tireloli da gawarwakin kangaru a bakin kwalta. Ta yi ta da rediyo a kunne, tana gaya wa Clarrie dokin da ya ci. Ta zauna a bencin asibiti har aka gama, ta shiga ta shirya shi da hannunta, ta ɗora masa hularsa a ƙirji. A nan gida kuwa ana ta tsegumi a kulob: an riga an yi odar abincin zaman makoki, mutane sun ɗauki hutu, wannan mata ta cika shisshigi. Mako na gaba aka yi jana'iza. Gavin ya zauna a wani benci daban a coci, matarsa da 'ya'yansa a tsakaninsa da uwarsa. Da aka kawo toka Noelene ta ɗora tulun a kan firji, ta ce ba inda za shi sai ta ji.

Jin kuwa ya ɗauki watanni, don irin wannan awo ba a gaggawa da shi. Alkawarin Desley na bayan sakamako ne, amma ba ta jira ba. Kowace Laraba tana can. Suna karta, Noelene tana tauna alewa a madadin sigari, tana faɗa da kowa, har da kare. Wata rana Noelene ta kori Desley, ta ce ita ta jawo mata wannan zaman jiran hukunci. Laraba ta zagayo, Desley ta sake ƙwanƙwasa ƙofa. Gavin bai taka gidan ba ko sau ɗaya.

Da aka ce likitar da ta duba huhun za ta yi bayani ta allon bidiyo a asibitin garinmu, Noelene ta ce Desley ta raka ta. Desley ta ce to, sannan ta fita waje ta kira Gavin. "Ka zo ka ji da kunnenka. In kai ne mai gaskiya, ai ba ka yi asarar mai ba." Ya zo, ya tsaya a jikin bango, ya ƙi zama.

Likitar ba ta ja magana ba. Ta ce huhun ya ƙandare, cike yake da dunƙule-dunƙule baƙaƙe masu tauri, wani ya kusa girman ƙwai, kuma ƙurar kwal ce da ta dutse. Gavin ne ya yi tambayar.

"Hayaƙin taba fa? Ana sha a gidan."

"Hayaƙin taba ba ya yi wa kowa amfani," in ji likitar, "amma ba ya yin wannan. Da a gidan da ba a taɓa ƙyasta ashana ba mahaifinka ya zauna, da haka zai ƙare."

Noelene ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To," ta shiga neman jakarta alhali tana kan cinyarta. Gavin ya sulale a jikin bango ya tsuguna. Desley ta tashi a hankali ta fita, ta ja musu ƙofa, ta je ta tsaya wurin mota.

Diyya ta zo, bayan lauyoyi sun gama nasu jan ƙafar. Ba ta mai da Noelene attajira ba, kuma ba ta dawo da Clarrie ba. Ta dai zauna a gidanta, a garinta, kusa da jikokinta. Gavin ya je an ɗauki hoton ƙirjinsa, ya kuma tasa abokan aikinsa a gaba sai da suka je, don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Abin da aka gani a nasa, tsakaninsa da likitansa ne.

Wata Asabar aka sauke tulun daga kan firji aka tafi dam. Gavin ya tuƙa kwalekwalen ubansa, uwarsa a gaba, mu kuma muna bakin ruwa tare da Desley, wadda ba ta shiga jirgi ko da kuɗi. Noelene ta buɗe tulu ta karkata, sai iska ta juyo ta watso mata tokar a fuska. Ta yi ta tari. Da ta samu numfashi sai muka jiyo ta ce, "Ka gani ko? Yau shi yake busa mini." Gavin ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ya saki sitiyari ya kifa kai a gwiwarta yana cewa, "Mama, ki yafe mini." Ta ce, "Kai na yafe maka tun a barandar asibiti. Kaina ne na kasa yafewa. Kama abin nan kafin ka kifar da mu." Na waiga in ga Desley, na tarar ta ba ruwan baya tana ta murɗa rediyo, wai tasha ta ɓace mata.

Desley, na san za ki ce na cika surutu, to ki yi haƙuri, yabon gwani ya zama dole. Ke ce kika shiga gidajen da ko Fada yake jan ƙafa kafin ya shiga, kika faɗi abin da ba mai son ji, a ranar da ba mai son ji. Ke ce ba ki taɓa sayen sa hannun mace da ƙarya ba, ko da ƙaryar za ta amfane ta. An zage ki a kulob, an juya miki baya a kanti, ba ki fasa ba, kuma ba ki taɓa karɓar ko kofin shayi daga lauya ba. Akwai mata a garin nan da ke kwana a gadajensu saboda ke, akwai yaran da suka gama makaranta ba su ma san sunanki ba. Mai wankan 'yan rami, direbar tafiyar ƙarshe, mun gode. Muna jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa ba.

Ku kuma sauran jama'a, Desley za ta tafi da burushinta, amma tambayar ba ta Lennox ba ce, ba kuma sai mai safar hannu ke iya yin ta ba. In maƙwabcinka ɗan rami ya mutu da ƙirji, kada ka tsaya a kai abinci kawai. Ka zauna da matarsa, ka tambaye ta ko an duba, ka gaya mata gaskiya cewa ana iya dubawa ba a samu ba. In ta zage ka, ka shanye. Mu 'yan rami kuma mu gyara wasiyyarmu ta kulob. Ni na riga na gyara tawa, na ce wa matata a ƙona ni, amma a duba ni tukuna. Wanda ya fi mu wayo kuwa shi ne wanda zai je a duba shi tun yana iya hawa matakala.

Za a yi mata liyafa a kulob ranar Asabar. Wani ya ba da shawarar mu ƙwanƙwasa tebur sau biyu mu ce mata an tashi aiki. Da ta ji sai ta ce duk wanda ya kuskura, ita za ta shirya shi, kuma da hoda.

Maganar gwiwa kuwa, duk mun yi kamar mun yarda. Amma muna da ido. Ron ma ɗan rami ne, kuma tun bara yake tsayawa a tsakiyar matakalar kulob kamar mai duba agogo. Desley ta ja shi birni da ƙarfin tsiya, an ɗauki hoton, an ga abin tun yana da rai, an rubuta. Shi ya sa yake gaggawar motar kwana, shi ya sa ita ma ta ajiye. Ita dai ba wanda zai je mata da wannan tambayar, ta riga ta amsa ta da kanta.

Noelene ta ce in rufe da saƙonta, kuma in rubuta shi yadda ta faɗa. "Des, ku je ku zaga, ku daɗe, kada ku yi sauri. Amma duk ranar da kuka dawo ya kasa fita, Laraba tawa ce. Ni zan zo, da kek, ba wuƙa a bayansa. In kin kore ni ma zan dawo."